Ƙishi da Ƙoshi: Lacca a Kan Tayar da Injin Ƙaramin Helikwafta da Daidaita Shi

 

Maganar da zan yi a yau ta shafi wani ƙaramin inji da mutum zai iya riƙewa a tafin hannunsa, amma yana juyi sau dubu 15 zuwa dubu 17 a minti guda, yana ɗaga jirgi mai saukar ungulu irin wanda ake sarrafawa daga ƙasa da rimot. Shi ne injin fulogi mai garwashi, wanda masu wannan harka suka fi kira injin nitiro. Abu guda nake son in tsayar a gabanku, in kawo masa hujja, sannan in saurari abin da masu ja za su ce. Abin shi ne: injin nan ba shi da saiti na dindindin da za a haddace, kullum sai an karanta halinsa kafin a taɓa shi, kuma wanda ya iya shi da gaske shi ne wanda yake barin sa da ɗan rarar mai da gangan, ya haƙura da kaɗan daga ƙarfinsa domin ya tsira da injin da jirgin da lafiyar jikinsa.

Bari mu fara da yadda wuta take kamawa a cikinsa, domin daga nan komai ya samo asali. Kafin shekarar 1947, yawancin ƙananan injinan jiragen wasa da fetur suke aiki, kuma suna ɗauke da kwail da batir da fulogi mai tartsatsi kamar na babur. A wannan shekara ne wani Ba'amurke mai suna Ray Arden ya fito da fulogin da ya kawar da duk wannan kaya. A cikinsa akwai siririyar waya a nannaɗe, wadda aka yi da ƙarfen filatinam gauraye da wasu ƙarafa. Idan za a tayar da inji, sai a jona wa fulogin ƙaramin batir mai ƙarfin bolt 1.2 zuwa 1.5, wayar ta yi jajawur. Da injin ya kama sai a cire batirin, wayar ta ci gaba da garwashi da kanta. Dalili shi ne man da ake zuba wa injin metanol ne, kuma tururin metanol idan ya taɓa filatinam mai zafi sai ya ƙara masa zafi. Ga kuma ragowar zafin ƙonewar da ta gabata, ga matsin fistin. To, ku lura da abin da wannan yake nufi. A babur ko mota akwai na'urar da take yanke lokacin da tartsatsi zai tashi. A nan babu ita. Lokacin kamawar wuta ya dogara ne ga zafin wayar, da matsin silinda, da yawan nitiro a cikin mai, da kuma gwargwadon mai da iskar da kabureta ta haɗa. Saboda haka mai juya allurar kabureta yana canza abu biyu a lokaci guda, sani ko rashin sani: yawan man da ke shiga, da lokacin da wuta za ta tashi.

Sai shi man kansa. Haɗi ne na abu uku. Na farko metanol, wanda shi ne mafi yawa. Na biyu nitiro, wanda a jiragen helikwafta yakan kasance kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari. Yana ɗauke da iskar oksijin a jikinsa, shi ya sa yake ƙara ƙarfi kuma yake sa silo, wato ƙaramin gudun injin idan totur yana ƙasa, ya zauna. Na uku man shafawa, kamar kashi 18 zuwa 23 cikin ɗari, wanda ko dai na masana'anta ne ko kuwa man zurma, wato man 'ya'yan tsiron nan da muka sani a bayan gidaje da bakin juji. Injin ba shi da tukunyar baƙin mai a ƙasansa. Kamar ƙaramin janaretan nan ne da masu shago suke haɗa wa fetur da baƙin mai a galan ɗaya: duk abin da zai shafe fistin da ringi da boris, cikin man sha yake shigowa. Ƙari a kan haka, metanol idan yana zama tururi yana kwashe zafi ninki uku na abin da fetur yake kwashewa, don haka shi ne babban mai sanyaya cikin injin. Ga lissafin da ya kamata kowa ya riƙe: fetur yana bukatar iska kusan kashi 14.7 ga kowane kashi ɗaya nasa, metanol kuwa kashi 6.4 kawai, nitiro kuma 1.7. Injin nan mashayi ne tun daga halittarsa, har tankin da bai kai rabin lita ba yakan ƙare cikin minti bakwai zuwa goma. Idan man ya yi masa kaɗan, mu ce yana cikin ƙishi. Idan ya yi masa yawa, mu ce ya ƙoshi. Mai rage masa mai yana rage masa abinci da man shafawa da abin sanyaya duk a juyi ɗaya na allura.

Wani zai ce ai haka injin yake ko a ƙaramin jirgi mai fukafukai aka ɗaura shi. Gaskiya ne, amma helikwafta ya fi tsanani. Tun da Bajamushe Dieter Schlüter ya nuna a 1970 cewa za a iya tuƙa ƙaramin helikwafta da rediyo yadda ya kamata, babbar matsalar injinsa ita ce zafi. A jirgi mai fukafukai kan injin yana waje, farfela tana hura masa iska, gudun jirgi yana ƙara masa. A helikwafta kuwa injin yana binne a tsakiyar jiki, kuma jirgin yakan tsaya cik a sama yana aiki tuƙuru ba tare da wata iska ta buge shi daga gaba ba. Abin da yake da shi kawai ƙaramar fanka ce a kan sandar injin da murfin da ke karkata iskarta zuwa kan silinda. Ɗauki jirgi irin Raptor 50 na kamfanin Thunder Tiger ko T-Rex 600 na kamfanin Align, dukansu daga Taiwan. Girman injinsu bai wuce sisi (cc) 8 zuwa 9 ba, kuma sai ya juya sau 8.5 kafin babbar farfela ta juya sau ɗaya. Idan ana son farfela ta yi juyi 2,000 a minti, injin yana kan 17,000 ke nan, kuma haka zai zauna har tanki ya ƙare. Injin da yake irin wannan aiki a cikin ɗaki mai zafi ba shi da sararin da zai jure ƙishi ko na rabin minti.

Mu zo kan tayarwa, domin a nan ne ake fara ganin wanda yake karatun inji da wanda yake cacar sa'a. Ana kunna rimot tukuna, sannan na'urar karɓar saƙo da ke cikin jirgi. A saukar da sandar totur ƙasa, a tabbata kowane makunni yana inda ya dace da tashi na farko, sannan a leƙa bakin kabureta da ido a ga ta buɗe ɗan kaɗan ne kawai, domin abin da rimot ya ce da abin da kabureta ta yi ba kullum suke daidai ba. A cika tanki, a juya injin da sitata na daƙiƙa kaɗan ba tare da an jona batirin fulogi ba, har a ga mai ya bi tiyo ya isa kabureta. Daga nan a jona batirin, a damƙe kan farfela da hannu ɗaya damƙa ta gaske, a sa sandar sitata da ɗayan hannun, a danna a taƙaice. Wannan damƙa ba al'ada ce kawai ba. Tsakanin injin da farfela akwai kulocin da yake kamawa da kansa idan gudu ya ƙaru. Idan injin ya tashi totur a buɗe, nan take kuloci zai kama, farfela ta nemi juyawa da dukan ƙarfinta. Farfelar irin wannan jirgi faɗinta ya kai mita 1.3, kuma a cikakken gudu bakinta yana keta iska da saurin kusan kilomita 500 a awa. Idan haka ta faru, kada a saki kan; a matse tiyon mai ko a fizge shi, injin ya mutu. Ƙona kuloci ya fi asarar yatsu sauƙi.

Idan injin ya ƙi tashi, tambaya uku ce: akwai wuta, akwai mai, ko man ya yi yawa? A kwance fulogi a jona masa batir a ga ko wayar ta yi ja sosai. Idan fulogin a bushe yake, mai bai iso ba. Idan a jiƙe yake sharkaf, injin ya sha ya wuce kima. Akwai kuma alamar da ba a wasa da ita: sitata ta juya sai ta tsaya cak kamar an riƙe ta. Wannan yana nufin ruwan mai ya cika saman fistin, kuma ruwa ba ya matsuwa. Wanda ya ci gaba da danna sitata a wannan hali zai lanƙwasa sandar da ta haɗa fistin da kuranki. Maganinsa a cire fulogi, a matse tiyo, a kawar da fuska, a juya injin ya tofar da rarar. Kun ga ko a matakin farko ma, injin yana faɗin abin da ke damunsa ga mai haƙurin dubawa.

Yanzu ga zuciyar magana. Yawancin waɗannan kaburetoci suna da allura biyu: babba, wadda take mulkin mai idan totur ya buɗe, da ƙarama ta silo. Manyan injina sukan ƙara ta uku domin tsaka-tsakin gudu. Juya allura ta hannun dama yana rage mai, ta hagu yana ƙarawa, kuma babbar tana da ƙananan haƙora da ake jin ƙas-ƙas ɗinsu idan ana juyawa. Ana fara daidaita babbar, domin duk man da ƙaramar za ta raba ta babbar yake biyowa. Ana farawa daga ƙoshi, a ɗaga jirgi ya tsaya a sama na minti ɗaya ko biyu, a sauke, a duba, a rage haƙori ɗaya ko biyu, a sake. Injin da ya ƙoshi yana fitar da hayaƙi mai kauri, muryarsa tana gurnani, farfela tana nauyin ɗaukar gudu, wutsiyar jirgi tana ɗan fizga. Injin da ke cikin ƙishi hayaƙinsa siriri ne, muryarsa tana da kaifi, wani lokaci a ji ƙarar kamar ana soya abu, alamar wuta tana kamawa kafin lokacinta. Idan aka ɗora masa nauyi sai ƙarfinsa ya zube, idan aka sauke totur kuma ya daɗe bai koma silo ba. Ita allurar silo ana gwada ta da matse tiyo kusa da kabureta. Idan injin ya mutu nan take, ƙishi ne. Idan ya ɗan ƙara gudu bayan daƙiƙa uku zuwa biyar sannan ya nemi mutuwa, ya yi daidai. Idan ya daɗe bai ko nuna ya sani ba, ya ƙoshi da yawa.

Ga inda tarkon yake. Duk lokacin da ka rage haƙori, injin yana ƙara ƙarfi, muryarsa tana ƙara daɗi, jirgi yana ƙara kuzari. Kowane mataki yana ba ka lada, har ka isa ƙololuwa, kuma ƙololuwar tana daf da bakin rami. Haƙori biyu ko uku ne tsakanin mafi kyawun ƙarfi da inda man shafawa yake kasa raba ƙarfe da ƙarfe. Kuma saitin da ya yi daidai a ƙasa da cikakken tanki ba ya zama haka a sama. Salansa ce take tura matsi cikin tanki domin mai ya tafi kabureta, amma duk da haka idan mai ya ja baya a tanki injin yana ƙara shiga ƙishi, zafinsa kuma yana ƙaruwa. Wanda ya tashi a kan ƙololuwa, a minti na shida ya riga ya wuce ta. Mu auna hukuncin kuskure biyun. Idan ka yi kuskure wajen ƙoshi, ka yi asarar mai kaɗan, jirgi ya yi maiƙo, ka goge da tsumma. Idan ka yi kuskure wajen ƙishi, wayar fulogi ta narke, ko fistin ya ƙuje silinda, ko ya huje, injin ya mutu jirgi yana sama, kuma sai gwani ne zai iya sauke shi lafiya da ragowar juyin farfela. Tun da kuskure ba makawa ne, hankali ya ce a zaɓi ɓangaren da hukuncinsa ya fi sauƙi. A nemo ƙololuwa a san inda take, sannan a koma baya haƙori biyu ko uku a zauna a nan. Sabon inji kuwa sai an ba shi ƙoshi fiye da haka na tankuna da dama, har ringi ya zauna da silinda.

To, masu ja suna da magana, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Na farko zai ce: kamfanin da ya ƙera injin ya rubuta a littafinsa a buɗe allura juyi kaza, me ya sa ba za a bi a huta ba? Kamfani irin O.S. na birnin Osaka a Japan, wanda Shigeo Ogawa ya kafa a 1936, ya fi kowa sanin injinsa. Amsa ita ce lambar littafi ta wurin farawa ce, kuma da gangan ake sa ta a ɓangaren ƙoshi. Allura mai take aunawa, ba ta auna iska, iska kuwa nauyinta yana canzawa. Tsakanin zafin digiri 15 da digiri 40, iskar da ke cike silinda tana raguwa da kusan kashi 8 cikin ɗari. A tudu mai tsawon mita 1,200 kamar Jos, iska ta fi ta bakin teku sauƙi da kusan kashi 11 cikin ɗari. Injin da aka daidaita a Kano da azahar ɗin watan Afrilu, idan aka tayar da shi da sanyin safiyar hunturu ba a taɓa allura ba, iska ta ƙaru mai bai ƙaru ba, ya faɗa ƙishi. Haka idan aka canza mai daga nitiro 15 zuwa 30, dole a ƙara buɗe allura, haka idan aka canza salansa ko fulogi. Mai rubuta littafi a Osaka ba zai san safiyar da kake tsaye a cikinta ba.

Na biyu zai ce: man nan tsada gare shi, daga waje ake kawo shi, ga shi kana cewa a bar shi yana fita a hayaƙi, kuma a bar ƙarfin da aka saya da kuɗi. Wannan gaskiya ne, rarar mai kuɗi ce. Amma haƙori biyu ko uku abin da suke ci kaɗan ne a kowane tanki, alhali fistin da silinda da ringi da boris, da farfela da sandunan da za su karye idan jirgi ya faɗo, sun fi galan da yawa na mai. Kuma ƙarfin ƙololuwa na minti ɗaya ne. Da zafi ya taru sai ya zube. Injin da aka bar wa rara shi ne yake ba da ƙarfi iri ɗaya daga farkon tanki zuwa ƙarshensa, kuma matuƙi abin da yake bukata ke nan.

Na uku zai ce: yau akwai ma'aunin zafi da ake haskawa daga nesa, akwai kuma na'urar da take riƙe gudun injin da kanta, me za a yi da kunne da ido? Ma'aunin zafi abu ne mai amfani, kuma masu harkar sukan so kan silinda ya tsaya a wajen digiri 90 zuwa 110. Sai dai abin da yake nunawa ya danganta da inda aka haska da kuma daƙiƙa nawa suka wuce bayan sauka, fanka tana ta sanyaya shi. Shaida ɗaya ce cikin shaidu, a haɗa ta da hayaƙi da murya da kamannin wayar fulogi, wadda idan ta yi fari-fari ko ta murɗe ta nuna an sha zafi. Ita kuwa na'urar riƙe gudu totur take buɗewa da rufewa, ba ta taɓa allura. Idan ƙishi ya fara rage ƙarfi, sai ta ƙara buɗe totur ta rufe alamar, matuƙi bai ji komai ba har injin ya lalace. Shi ya sa ake daidaita allura tukuna, sannan a kunna ta.

Na huɗu shi ne mafi nauyi: tun tsakiyar shekarun 2000 batirin litiyam da injin lantarki suka mamaye wannan fage, ba maiƙo, ba ƙara, ba allura, me ya sa za a ɓata lokacin ɗalibai da abin da zamani yake wucewa? Na yarda cewa wanda yake son tuƙi kawai, lantarki ya fi masa sauƙi. Amma ni a gaban masu koyon fasaha nake magana. Ƙananan jiragen sama masu injin fistin, irin su Cessna 172 da ake koyon tuƙi da su a duniya, har yau suna da jan maɓalli a gaban matuƙi wanda yake rage mai da shi idan ya yi sama, ya ƙara idan zai sauka, bisa wannan ƙa'ida ta nauyin iska. Duk matashin da yake burin shiga Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, zai tarar da wannan darasi yana jiransa. Injin nitiro yana koyar da shi a fili, ba kwamfutar da take gyara maka kuskure a ɓoye: ka juya haƙori ɗaya, cikin daƙiƙa kaɗan ka ji sakamako da kunnenka. Kuma yana koyar da ɗabi'ar da ta fi ilmin kansa daraja, wato a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a jira, a duba, a rubuta. Wanda ya juya allura biyu ya canza fulogi a zama ɗaya, ko injin ya gyaru bai san abin da ya gyara shi ba, gobe kuma ba zai iya maimaitawa ba.

Kafin in rufe, akwai haƙƙin lafiya da ba zan tsallake ba. Metanol guba ne, shansa yana makantarwa yana kuma kisa, don haka ba a zuƙar tiyo da baki, ba a ajiye shi a robar ruwan sha inda yara suke. Harshen wutarsa da ƙyar ake ganinsa da rana. Yana jan danshi daga iska, saboda haka a rufe galan ruf, musamman da damina. Idan an gama tashi, a zare man tanki, a bar injin ya ƙone ragowar da ke cikinsa, a ɗiga masa man kariya, in ba haka ba boris zai yi tsatsa. A lokacin ƙurar hunturu a toshe bakin kabureta idan an ajiye jirgi, a kuma tace mai. A tashi a fili nesa da jama'a, nesa da filin jirgin sama, bisa dokar hukumar kula da sufurin sama ta ƙasar da ake ciki.

Abin da nake roƙon malamai da iyayen gida shi ne, idan kun ɗora yaro a kan wannan inji, kada ku ba shi lamba ya haddace. Ku sa shi ya buɗe littafin rubutu, ya sa kwanan wata da yanayin gari da irin mai da matsayin allura da abin da ya gani da abin da ya ji. Ku nuna masa ƙololuwa sau ɗaya ya san muryarta, sannan ku koya masa ja da baya daga gare ta, domin sannu ba ta hana zuwa. Yaron da ya koyi barin rara a injin sisi 8, shi ne gobe za a iya damƙa wa injin da rayukan mutane suke kansa.

 Allah Ya sa albarka a cikin sana'o'inmu, Ya tsare hannuwanmu da idanunmu.